Amawalin Rissa

Tun kafin magariba Fatimata ta fito da tele, wato talabijin, tsakar gida, ta goge gilashin da gefen zanenta, ta juya ta sake gogewa. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri. Yau za a nuna kashi na ƙarshe na wasan da 'yan Yamai suka shirya a kan kisan mijinta, kuma zama ya gagare ta.

Tun zamanin soja aka kashe Rissa. Dillalin dabbobi ne a kasuwar Tawa, Buzu, mai son dariya. Wata Lahadi bayan an tashi kasuwa aka same shi a zauren gidan nan nasu na bayan gari, ta hanyar Affala, an rafka masa sanda a ƙeya. Fatimata tana gidan suna. Kafin ta iso jandarmomi sun ɗauke gawar, ba ta gan shi ba sai cikin likkafani.

Abu ɗaya ta faɗa wa jandarma, cewa da safen ta ji Rissa da maƙwabcinsu Tanimu suna cacar baki kan iyakar katanga. Wannan maganar ce ta kai Tanimu gidan kaso, yana can har yau. Matarsa Ladi tana suyar ƙosai a bakin layi, shi ya sa Fatimata ke zagayawa ta bayan masallaci ko da ashana za ta saya.

Yanzu ga zamanin jam'iyyu ya zo, bakin kowa ya buɗe, har tsohuwar shari'a an mayar da ita wasan tele. Ita Fatimata ba nishaɗi ya zaunar da ita ba. So take wasan ya gaya mata cewa ba ta ɗaure mutum a banza ba, ko ta samu ta yi barci kamar kowa.

Maƙwabta suka shigo da tabarminsu. Babanta Sulaiman ya ja buzunsa can gefe, ya kama dafa shayi. Dama ranar da abin ya faru ya zo cin kasuwa daga Tebaram, shi ne na farko da ya rarrashe ta, kuma tun daga nan bai koma ba. Koma wa me? Raƙuma ukun da fari ya bar masa ya damƙa su hannun Rissa ya kula da su, Rissa kuwa ya sayar ya gina gidan nan, ya ce zamanin raƙumi ya wuce. Tele ma akwatin surutu tsohon yake ce mata, amma wannan wasan bai taɓa barin ya wuce shi ba.

Abin da ke ba Fatimata haushi tun kashi na farko shi ne ɗan wasan da aka sa ya fito a Rissa. A wurin da ake nuna shi zaune a zaure yana jiran ajalinsa, sai ya ja amawali, wato gefen rawanin da ake rufe baki da shi, ya kai shi har ƙarƙashin ido. Rissa? Mutumin da amawalinsa ke wuni a ƙarƙashin haɓa, haƙora duk a waje? Ko gaban perfe, mai mulkin jihar, haka yake tsayawa, ana ta yi masa tsiya wai Buzun birni. Tanimu kuwa a akushi ɗaya suke cin tuwo, su yi faɗa da safe su shirya kafin azahar.

"Wanga ba Rissa ba ne, Balkisu," ta ce wa maƙwabciyar da ke kusa da ita. "Su dai sun ga Buzu sun naɗe mishi baki. Mi sunka sani?"

"Yi haƙuri, yaya, wasa ne," in ji Balkisu.

Ana tsakiyar shari'a aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Yara suka yi ihu. Fatimata ta tashi, ta zauna, ta sake tashi ta leƙa tukunyar da ta riga ta sauke. Da wutar ta dawo an riga an yanke wa Tanimun wasa hukunci, ita kuwa ba ta ji abin da ta zo ji ba. Zuciyarta ta yi mata nauyi fiye da dā.

Sai Muktari, wanda ya shirya wasan, ya bayyana da kansa. Ya ce an yi ta ƙorafi wai sun ƙara gishiri. To ba su ƙara komai ba, in ji shi, zaman mamacin da shigarsa duk daga hoton da jandarma suka ɗauka a ranar suka kwaikwaya. Ga hoton, wanda ba a taɓa nuna wa kowa ba.

Fatimata ta matsa kusa da tele.

Zaurensu ne. An shimfiɗa sabuwar tabarma, wadda ba a fito da ita sai don babban baƙo. Ga butar shayi a kife, ga kofi biyu, na Rissa cike bai taɓa ba. Rissa yana kwance a gefensa, amawali a ja har ƙarƙashin ido, an soke shi tam a bayan kunne.

Fatimata ta ɗauke ido daga tele. A hankali ta juya.

Duk zamanta da Rissa, mutum ɗaya tak ta taɓa ganin ya rufe wa baki haka, ya kasa ko kurɓar shayi a gabansa don kunyar surukuta, kuma ga shi nan, babanta, zaune a kan buzu, ba tele yake kallo ba, ita yake kallo.