Tsagar da ke Ƙarƙashin Rijiyar Gabas

Shayinta bai ko huce ba hoton ya gama fitowa a fuskar kwamfuta, kuma kallo ɗaya ta yi masa ta ture shayin gefe.

Gani-har-hanji ake ce mata a ofishin, don aikinta leƙa cikin ƙasa ne ba tare da ta taɓa shebur ba. Masu bincike su aika ƙara can ƙasa, su naɗi amsar da duwatsu suka mayar, ita kuma ta zuba a manhaja, manhaja ta zana mata shimfiɗun dutse kamar an raba albasa biyu. Da zanenta kamfanin ke sanin inda zai haƙa rijiyar mai da inda zai yi taka-tsantsan.

Ranar nan sabbin bayanai suka iso, sun fi na da fitowa sarai. Manhajar ma mai kula da kwamfutoci ya sabunta ta da safe, kowane maɓalli ya bar mazauninsa. Ta ja tsaki, ta loda bayanan, tambayoyin da manhajar ta jero mata kuwa ta bi su da "to, to, to" kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Wa ke tsayawa karanta su?

Rijiyoyi biyu kamfanin ke haƙawa a filin, ta gabas da ta yamma. Ƙarƙashin ta yamma komai lafiya lau. Ƙarƙashin ta gabas kuwa ga wata tsaga baƙa ta ratsa duwatsu, wadda tsohon hoto bai nuna ba, kuma a bayanta iskar gas ce a dunƙule, a matse. In ƙarfen haƙa ya huda wurin ba a ƙara wa lakar da ake ɗura wa rijiya don danne gas nauyi ba, gas zai taso da ƙarfin da babu mai tare shi. Ta duba zurfin da aka kai. Kafin la'asar za su isa.

Auta yana rijiyar gabas.

Ƙaninta ne, makaniken famfuna. Ita ta samo masa aikin, kuma tun daga ranar mahaifiyarsu ba ta fasa ce mata, "Ke kika kai shi, ke za ki dawo mini da shi." Da can dariya maganar ke ba ta.

Ta ruga ofishin shugaban sashe, shi kaɗai ke da ikon tsayar da haƙa. Sakatare ya tare ƙofa.

"Yallaɓai yana tare da manyan baƙi. Cewa ya yi ko sama da ƙasa za su haɗe, a jira."

Ta koma ta kira shugaban rijiyar gabas. Ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce, "Hajiya, ba na tsayar da inji da maganar baka. Ki sa umarni ya zo daga sama."

Ta nemo lambar Auta. Ba a shiga harabar rijiya da waya, a ƙofa ake karɓe ta saboda gas, amma ta yi sa'a yana waje wurin cin abinci.

"Yaya! Yau an tuna da talaka?"

"Ba jiya ka ce rijiyar yamma na neman mai duba musu famfo ba?"

"Na ƙi. Aikin nasu a bakin ramin ne, ga zafi, ga laka har wuya."

"Ka karɓa. Yanzu-yanzu ka bi motar da za ta can."

"Lafiya dai?"

"Auta, ban taɓa roƙonka komai ba. Kada ka tambaye ni."

Ya ce, "To, Yaya."

Da ta ajiye wayar kunya ta kama ta. Sauran mutanen rijiyar ma 'ya'yan wasu ne. Amma naka sai naka, kuma tsoro bai san adalci ba. Ta zauna tana kallon alamar ƙarfen haƙa na sauka a hankali, addu'ar ma ta kasa haɗa ta.

Can sai ga saƙon Auta: ya isa lafiya, ga shi zai miƙa wayarsa a ƙofa. Ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. Saura sauran bayin Allah.

Wannan karon ba ta nemi izinin kowa ba. Ta bangaje sakatare ta faɗa ɗakin taro, ta ce da Yallaɓai ya kore ta gobe in ya so, amma yau ya zo ya gani. Ya dubi fuskarta, ya miƙe ya bi ta.

Yallaɓai tsohon hannu ne, ya san filin nan tun ana zana taswira da fensir. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon hoton. Ga mamakinta ba tsagar yake kallo ba, wani tsohon kwarin kogi da ƙasa ta binne yake bi da yatsa.

"Yaushe kogin nan ya canza hanya?" ya faɗa a hankali. Sannan ya juyo. "'Yata, da manhaja ta tambaye ki daga wane kai masu bincike suka fara auna filin, gabas ko yamma, me kika amsa?"

Ba ta tuna an tambaye ta ba.

Ya ja kujera, ya buɗe wani akwati a gefen allon, ya danna sau ɗaya. Rijiyoyin biyu ba su motsa ba, amma duwatsun da ke ƙarƙashinsu suka juya gaba ɗaya kamar an kifa tafin hannu, tsagar ta bar gabas ta je ta kwanta dab da bakin ƙarfen rijiyar yamma, inda ta aika Auta da bakinta.