Minti Talatin da Huɗu

Ƙarfe huɗu saura minti biyar Malam Maitama ya shiga ɗakin taron, littafin makinsa a hammata. Magana ɗaya ta tara kwamitin wasan besbol na yaran garin Lanham, a jihar Maryland ta Amurka: ko a kori alƙalin wasa Katung, ko a bar shi. Iyaye goma sha huɗu sun sa hannu a takardar ƙorafi. Da suka ga Malam, suka matsa masa kujera, kowa ya sunkuyar da kai.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a Zariya kafin ɗansa Haidar ya ɗauko shi, kuma bai taɓa barin kuskure ya kwana a kan allo ba. Besbol a nan ya koye shi saboda jikansa Khalil, wanda shi ne mai jifa a ƙungiyar 'yan shekara goma sha ɗaya. Dokar ba wuya. Jifa in ya bi daidai, sitiraik ne, uku mai bugu ya fita. In ya kauce, bol ne, huɗu mai bugu ya wuce kyauta. Malam yana rubuta kowane jifa da lokacinsa, duk Litinin ya kwafi shafin ya aika wa Haidar, da ke aikin jinya a rundunar sojan Amurka a Iraƙi.

Katung mutumin Kagoro ne, tsohon sojan Amurka, kuma shi kaɗai Malam ke samu su yi Hausa a filin. Ta cikin ragar waya suke hira idan an tsaya hutun shan ruwa.

"Soja, da idon nan naka ka yi yaƙi? Ai sai ka harbe naku."

"Baba, ni ban taɓa harba bindiga ba. Shekara biyun ƙarshe guga kawai nake wa kaki, ina yawo a mota cikin Maryland."

"Ashe sojan guga ne."

Katung yakan yi dariya, amma bai taɓa ƙara komai a kan wannan ba. Kakar wasa uku yana alƙalanci, kurakuransa a littafin Malam ba su cika biyar ba.

Sai ranar Asabar, sha shida ga Yunin 2007, wasan ƙarshe na cin kofi. Su Khalil suna gaba da maki ɗaya, saura mai bugu ɗaya a tashi. Katung ya cire ƙarfen da ke kare fuskarsa don ya share gumi, ya dubi wurin ajiye motoci. Ya daɗe yana dubawa. Ya waiwayo ya kalli bencin iyaye, inda Umaima, mahaifiyar Khalil, ke tafi. Sannan ya mayar da ƙarfen.

Khalil ya yi jifa, ƙwallo ta bi tsakiya sak.

"Bol," in ji Katung.

Ya sake, bol. Katung ya tsayar da wasa ya share farantin da ke ƙasa gaban mai bugu da burushi, alhali ba ƙura a kansa. Ya sa Khalil ya sake ɗaure takalmin da yake a ɗaure. Iyaye suka fara ihu. Abokan hamayya suka farke, aka ƙara zagaye. A zagayen nan Khalil ya buga ƙwallon da bai taɓa buga irinta ba, ta tsallake shinge, ya zagaye fili yana dariya, uwarsa na tsalle mayafi na zamewa. Duk da haka aka cinye su da maki ɗaya.

Mako uku ke nan, Katung bai kare kansa ba. Yanzu ma yana zaune a ƙarshen tebur, hularsa a gwiwa.

Edna, shugabar kwamitin, ta ce, "Mista Maitama, ba dole ne ka zo ba. Mun san halin da ake ciki."

"Dole ne. An yi zalunci, kuma ina da shi a rubuce."

Ya buɗe littafin a shafin ƙarshe, wanda ba a kwafa ba. Ya karanta jifa bayan jifa da Turancinsa na aji.

"Takardarku ta ce kuskure tara. Goma sha ɗaya ne. In za a yi ƙorafi, a yi shi daidai. Ya share faranti sau huɗu. Wasan da ya kamata a tashi uku da minti goma sha biyu, bai ƙare ba sai uku da minti arba'in da shida. Kuma ko ɗaya ba kuskure ba ne, da gangan ya yi."

Iyayen suka gyaɗa kai. Edna ta ɗauki biro.

"To, me kake nema?"

"A yaga takardar nan a gabana. A ba mutumin nan haƙuri a rubuce, kowa ya sa hannu inda ya sa a baya."

Katung ya ce da Hausa, a hankali, "Baba, bar shi."

"Ba zan bari ba, Soja."

Malam ya ɗora yatsa a gefen shafin, inda ya rubuta wani abu da ba na wasa ba.

"Uku da minti goma, wata baƙar mota ta tsaya a bakin fili. Sojoji biyu ne a ciki, kakinsu ya sha guga. Sun je gida ba kowa, maƙwabci ya nuna musu nan, suka zauna suna jiran a tashi jama'a ta watse. Ku ba ku gan su ba. Ni na gan su, ban san ko su wane ne ba. Shi ya sani, domin shekara biyu ya yi a irin motar nan yana ƙwanƙwasa ƙofar mutane. Kuma a filin nan yaro ɗaya ne ubansa ke bakin daga."

Ya rufe littafin.

"Minti talatin da huɗu ya ƙara wa jikana kafin a gaya masa shi maraya ne."