Kadan Tabkin Diggi

Albarka, mai shelar Kalgo, ya faɗo gida a guje, ya jefar da komarsa ta kamun kifi, ya tokare ƙofa da turmi.

"Ina kifin?" in ji matarsa Fatsuma. "Miyarmu ta manta kamannin ƙaya."

"Wane kifi? Akwai kada a tabkin Diggi. Tun zuwan Nasara ba a ga irinai ba."

"Malam, kadan ga fa kai ka ƙago shi. Kai ka buga ganga ran kasuwa don kowa ya guji tabkin, ka kama kifi kai kaɗai."

"Na sani. Amma nawa ƙarami ne, akuya guda ya ci. Yanzu a hanya na ji Abdulgani, mai shelar Gwandu, yana faɗin ya haɗiye saniya har ƙaho. Labarin da ya fito daga ganga biyu ai ya tabbata."

Da la'asar aka yi sallama. Abdulgani ne, wandonsa jiƙe sharkaf, jakinsa na nishi da mangala cike da tarwaɗa.

"Abokin sana'a, za ka saya? Na Diggi ne. Kadan naka yana gaishe ka."