Munafukin Gurup ɗin Masunta

Warin mataccen kifi ya sa Ɗangana toshe hanci. Karo na uku ke nan masu zuba guba suna riga masuntan Warra isa gurbin kifin da suka shirya zuwa a asirce.

"Tir! Akwai munafuki a gurup ɗinmu," in ji shi.

Shi ne shugaba, don haka ya tace gurup ɗin wayar tas. Kowa sai ya turo muryarsa an tabbatar shi ne. Har ƙanensa Bilyaminu sai da ya cire shi, ya daina amsa gaisuwarsa.

Da safe, a rumfar Tabawa mai suyar kifi, saƙon murya na wurin kamun kifin gobe ya shigo. Ƙarar injin jirgi ta daɗe da cinye masa kunne, sai ya ƙure muryar wayar kamar kullum.

Wasu baƙi biyu suka ture kwano, suka nufi bakin ruwa da sauri.

Tabawa ta ja tsaki. "Baba Ɗangana, kullum nan suke jiran ka. Ba kifina ke kawo su ba, wayarka ce."