Langar Uwar Biyu

Kai da kake ce mini ai kullum kuna gaisawa da yayarka a waya, gyara zama ka ji wannan.

A wata unguwa cikin birni an yi wata tsohuwa mai daddawa, da aminiyarta mai kitso wadda kowa ke kira Uwar Biyu. Abin da ya raba gidajensu siririyar hanya ce da 'yan shaguna. Shekara arba'in da ɗoriya suna musayar wata langa guda, duk fentin bakinta ya ɓare: yau ta tafi da tuwo, gobe ta dawo da dambu, don ka san ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam. Ana nan sai aikin titi ya iso. Aka share shagunan, aka ci zaurukan mutane, aka shimfiɗa kwalta mai hannu biyu, aka kafa shingen ƙarfe a tsakiya. Gadar masu ƙafa kuwa can aka kai ta bakin kasuwa, matakala hamsin hawa, hamsin sauka. Masallaci ya faɗo wannan gefe, famfo da kantin magani suka faɗa wancan. Mutanen unguwa sun je wurin mai unguwa, sun rubuta takarda har sun gaji, kullum amsa ɗaya ce, ana dubawa. Da samari suka ga haka sai suka yanke ƙarfe biyu a shingen, mutane suka riƙa ratsawa ta ɓular nan a guje, rai a hannun Allah.

Ranar da aka rufe shingen, langar tana hannun mai daddawa. Ta wanke ta, ta kife a kan kabad, ta ce sai ta samu sarari. Ina sarari! Gwiwoyinta ba sa son matakala, ƙarar tirela kuwa har cikin ƙirjinta take jin ta. Gaskiyar magana tsoro take ji, kuma tana jin kunyar tsoron. Ɗanta ya ce ta kawo langar ya ba ɗan adaidaita ya miƙa, ta ce masa langar ba saƙon tasha ba ce. Sai ya saya mata waya. Kowace safiya su gaisa, Uwar Biyu ta ce lafiya lau, sai godiya. Ita ma ta ce lafiya lau. Da la'asar kowacce ta fito ƙofar gida, su ɗaga wa juna gefen mayafi ta tsakanin motoci. Daga baya Uwar Biyu ta daina fitowa. In an tambaye ta a waya sai ta ce rana ce ta yi mata yawa, mai daddawa kuma ta yarda, don yardar ta fi mata sauƙi.

Wata Juma'a wata mata daga tsallake ta zo sayen daddawa. Tana cikin hira ta ce tun da Uwar Biyu ta daina kitso kan matan unguwa ya lalace, sai ta yi wuf ta kama bakinta. Tsohuwa ba ta tambaye ta komai ba. Ta shiga ta turara dambu, ta cika langar, ta ƙulle a tsumma, ta ɗau sanda ta nufi bakin kasuwa. Sau huɗu tana zama a kan matakalar nan tana mai da numfashi, masu wucewa na yi mata sannu. Da ta kai sama gadar na rawa a ƙarƙashinta, ta rungume langar tana salati, ba ta yarda ta kalli ƙasa ba har ta sauka.

Ta iske Uwar Biyu kwance a tabarma, ƙafa ɗaya ɗaure da karan ɗori, ta rame sai idanu. Ashe wata biyu ke nan da ta gaji da ɗaga mayafi, ta bi ta ɓular shingen za ta zo ganin aminiyarta, mai babur ya kwashe ta. Tun daga wurin mai ɗori ta haɗa kowa da Allah kada a faɗa, har ɗan mai daddawar ya sani ya yi shiru. Tsohuwa ta durƙusa, hawaye ya ƙwace mata, ta ce, "Wata biyu, Uwar Biyu, kina ce mini lafiya lau?"

"Na san halinki," in ji ta. "Da kin ji, ta ɓular nan za ki biyo."

Can Uwar Biyu ta miƙa hannu ta zame mata ɗankwali, ta ga furfura a cukurkuɗe, wata bakwai tun rufe shingen ba wanda ya taɓa. Ta yi tsaki, ta ce ita dai ƙafa ta karye, hannunta lafiyarsa ƙalau, a miƙo mata tsinke da man kitso. Mai daddawa ta ɗora kai a cinyarta mai lafiyar, aka yarfa mata shuku suna faɗa suna dariya. Da za ta tafi, surukar Uwar Biyu ta zuba mata fate a langar. Tun daga ranar duk Juma'a sai ta hau gadar nan, da zamanta huɗu a hanya.

To ka gani. Waya muryar mutum take kawo maka, muryar kuwa ta iya cewa lafiya lau. Tashi ka je ka ga yayarka da idonka. Ba banza ba masu iya magana suka ce zumunta a ƙafa take.