Jan Zane a Saman 220 Logements

Ranar Talata rodi ya sake ɓata a wurin ginin Alhaji Zainulabidin da ke Adjamé, karo na uku a wata ɗaya. Alhaji ya taso takanas daga shagonsa na Treichville, ya tsaya gaban Jabiru, shugaban masu gadi, ya ce in aka yi na huɗu ya nemi wani aikin. Jabiru na da 'ya'ya biyar. Daga ranar ya shiga zargin kowa, har matar da ke kawo musu acheke da kifi.

Abin da ya fara lura da shi, duk satar da rana aka yi ta, kuma kullum a lokacin da injin ɗaga kaya ya tsaya saboda iska. Giru suke ce wa injin. Da ya tsaya sai hadari ya biyo baya, ma'aikata su watse neman mafaka, ƙofar baya ta zama ta kowa.

A can ƙololuwar giru akwai wata na'ura da Alhaji ya yi odarta da tsada, yake kuma alfahari da ita. Kofuna uku ne masu juyawa suna auna gudun iska, haɗe da jar fitila mai gargaɗin jiragen sama. In iska ta wuce ƙa'ida, fitilar sai ta ninka ƙiftawa, ƙararrawa ta ɗauki kuwwa a ɗakin direba. Wanda ke gindin injin ba ya hango fitilar, direban ma ba ya ganinta, don a bisa rufin ɗakinsa take.

Direban shi ne Kailu, dattijo ɗan Nijar, shekara talatin a kan giru. Jabiru bai taɓa son sa ba. Mutum ne da za ka yi wa sallama daga baya ya wuce ko waiwaye babu. An ba shi oba-oba ya jefa a aljihu, ya ce shi da alamar hannu ya koyi aiki, da ita kuma zai ƙare. Girman kai dai, in ji Jabiru.

Ranar Alhamis Jabiru ya hau hawa na bakwai ya zauna yana kallon Kailu ta gilashi. Sai ya ga dattijon, bayan kowane kaya ya ɗaga, yakan juya ya dubi rufin wani bene a unguwar 220 Logements da ke ƙetaren titi. Wajen la'asar wata mata ta fito kan rufin ta shanya jan zane, shi kaɗai a igiya, ba riga ba ɗankwali. Nan take giru ya tsaya.

Murna ta kama Jabiru. Washegari ya yi bincike a unguwar, aka ce sunanta Haulatu, matar Kailu ce, kuma ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna in dai ranar aiki ce. Shi ke nan, lissafi ya fita. Mata ta ba da alama cewa ɓarayi sun iso, miji ya fake da iska ya tsayar da aiki.

Bai gaya wa kowa ba. So yake ya kai wa Alhaji zancen a kammale.

Ranar Litinin sama ta haɗe daga wajen lagun, babban ruwan da ya ratsa birnin. Jabiru ya bar biyu daga yaransa a ƙofar baya, ya tsallaka titi ta tsakanin motocin hayar da ake kira gbaka, ya haye benen su Haulatu da gudu. Ya tarar da Haulatu tsaye, idonta a kan giru, jan zanen a kafaɗarta. Daga nan fitilar na fitowa sarai. Yana kallo ta sauya, ta shiga ƙiftawa biyu-biyu.

Haulatu ta warware zanen. Kafin ya kai igiya Jabiru ya fizge shi.

"Yau dai asiri ya tonu," ya ce. "Ina mutanen naku suke laɓe?"

"Bawan Allah, ba ni! Don girman Allah ba ni, ba ka ga fitilar ba?"

Ya dunƙule zanen ya cusa a hammata, ya ja da baya yana murmushi. Can ƙetaren titi giru bai tsaya ba. Ga shaida kuwa: babu zane, babu tsayawa. Hannun injin ya ci gaba da juyawa da damin rodi a rataye, iska ta fara lilo da shi a bisa layin gbaka, inda mutane suka yi cincirindo suna rububin shiga mota.

Murmushin Jabiru ya ɗan rage. Ai war haka ƙararrawa ta cika ɗakin direba. Me Kailu yake jira? Ta gilashi ya hango shi ya juyo da fuska wajen rufin, ya ga igiya wayam, ya koma kan aikinsa hankali kwance.

Haulatu ta durƙusa ta riƙe ƙafar Jabiru.

"Shekara biyu ke nan maigidana ba ya ji ko kaɗan, wannan zanen da ke hammatarka shi ne ƙararrawarsa."