Hannayen Ladidi

Ƙanwata Ladidi ta faɗo daga bishiyar mangwaro da la'asar, a gonarmu ta bayan Minjibir. Ba jini, ba kumburi. Da ƙafarta ta shigo gida, ta tallafe haɓarta da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

"Inna, kar ki taɓa ni. Kaina zai faɗi."

Inna ta yi dariyar ƙarfin hali. "Ke Ladidi, kan mutum tulu ne?"

Ta ɗauko man shanu, ta aika a kira Baba mai ɗori, wanda ya gyara ƙafafun rabin garinmu. Ya yi bismillah, ya ce targaɗe ne, sai an ja. Inna ce ta ɓamɓare yatsun Ladidi daga haɓarta, tana lallashinta. Baba ya shafa mai, ya murɗa wuyan. Kukan ya tsaya cak.

"Alhamdulillahi, ta samu sauƙi," in ji Inna.

Hannayen suka zube kan tabarma. Ba su ƙara tashi ba, ita ma haka.

Sai da na aurar da 'ya sannan na shiga makarantar manya. A can malamar lafiya ta ce yaron da ya faɗo yana riƙe da kansa, a bar masa hannunsa, a tokare wuyan, a kai shi asibiti ba tare da an juya shi ba. Mata suna ta rubutawa. Ni warin man shanu nake ji.

Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma yarinyar nan ta faɗa mana. Da bakinta ta faɗa.